Dutsen da Na Tsinta a Gidan Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da walimar bikin Bilki ba, kuma ko da na so in manta, danginmu ba masu barin mutum ya manta ba ne. Yau shekara goma sha wani abu ke nan. Tunda kowa ya ba da labarin da bakinsa, har da waɗanda ba su halarta ba, gara ni ma in bayar da nawa.

Lokacin na gama shekarata ta farko a jami'a. Karatun lauya na nema, sai aka ba ni wani fanni da ban taɓa jin sunansa ba sai a takardar shiga: ilimin binciken kayan tarihi da ke binne a ƙasa. Babanmu, wanda fataucin shanu ne sana'arsa tsakanin Daura da kasuwar Mai'aduwa, ya sa na karanta masa sunan har sau uku, sannan ya raɗa masa nasa: karatun tone-tone. Bai so in tafi ba. Yayarsa ce ta sa baki ya haƙura, wato Gwaggo Malama.

Sai na ɗan tsaya a kan Gwaggo, don in ba ku san ta ba, ba za ku gane girman abin da na yi ba. Gidanta a cikin gari yake, 'yar tafiya kaɗan zuwa rijiyar Kusugu, tsohon ginin ƙasa mai doguwar darbejiya a tsakar gida. Kullum da hantsi matan unguwa ke cika gidan da littattafansu, wasu da goyo, wasu da jikoki. Ita kuwa 'yar ƙaramar mace ce siririya, da wani tabarau da ƙafarsa ɗaya ta karye ta ɗaure da zare, kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ba ta ma bukata. In ta ɗago ido ta saman tabarau ɗin nan, ko akuya ce ke ɓarna sai ta tsaya.

A gabanta na koyi baƙi da wasali. Muna yara, in an yi la'asar takan zauna gindin darbejiyar nan ta raba mana soyayyar aya a tafin hannu, ta riƙa ba mu tarihin annabawa. Na fi son na Annabi Adamu, yadda aka halicce shi daga ƙasa, aka sanar da shi sunayen abubuwa. Wata rana na tambaye ta, "Gwaggo, yaushe aka yi haka?" Ta ce, "An ce daga shi zuwa yau duniya ba ta wuce shekara dubu bakwai ba." Na ɗauki wannan dubu bakwai na adana a kaina wuri ɗaya da adadin raka'o'in salla. Ban taɓa tunanin akwai bambanci tsakaninsu ba.

To, a zango na biyu a jami'a, wani malaminmu ya shigo aji da kwali. Ya riƙa fito da duwatsu da kwafin ƙoƙon kan mutane yana jerawa a tebur. Ya ɗaga ɗaya ya ce mai wannan kai ya rayu sama da shekara dubu ɗari biyu da suka wuce, kuma duwatsun da ke gefensa, waɗanda aka sassaƙa don yanka nama, wasunsu sun fi shi tsufa nesa ba kusa ba. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, dubu ɗari biyu ka ce, ko ɗari biyu?" Aji ya fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya tsaya ya yi mana bayanin yadda ƙasa ke hawa kan ƙasa, da yadda ake kai abu ɗakin gwaji a auna shekarunsa. Rabi na gane, rabi ya wuce ni. Amma ranar a sallar azahar ban san ko raka'a uku na yi ko biyar ba.

Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce tsoro ne ya kama ni. Na ga kamar an ajiye ni tsakanin Gwaggo da malamin nan an ce dole ɗaya maƙaryaci ne, in zaɓa. Sai dai tsoro a jikin 'yar shekara goma sha tara mai shekara ɗaya a jami'a ba ya fitowa da kamanninsa. Nawa da girman kai ya fito. Na dawo hutu Daura ba na iya jimla biyu ban ce "a kimiyyance" ba. (Har miyar kuka na taɓa yi wa mahaifiyarmu bayani a kimiyyance. Ta ce in tashi in wanke tukunya a kimiyyance.)

A hutun ne aka sa bikin Bilki, autar Gwaggo. Ni da ita taubasai ne, kuma sa'o'in juna, don haka tun saura mako guda na tattara na koma gidan. Ku da kuka yi zamani kun san yadda gidan biki yake a kwanakin nan: ƙamshin alkaki da dublan a kasko, hayaƙin turaren wuta daga ɗakin amarya, tsofaffi na tankaɗe suna gulma, ba a kashe wuta a murhu. Har yau in na ji ƙamshin man gyaɗa ya yi zafi, gidan nan nake tunawa.

Daminar shekarar ta kayar da katangar baya, ta wajen banɗaki, aka kira magina su tayar kafin baƙi su zo. Sun kwashe tsohuwar ƙasar sun tara ta tsibi guda a lungu. Kowace budurwa a gidan tana wajen suya ko wajen lalle, ni kuwa ina gindin tsibin nan da cokali da tsohon buroshin goge baki, wai ina bincike.

Rana ta biyu na same shi. Dutse ne kamar girman tafin hannu, kai ɗaya siriri, ɗaya mai faɗi. An farfasa gefensa, fuska ɗaya kuma ta cinye kamar an daɗe ana goga ta a jikin wani abu. Na riƙe shi, ya zauna a hannuna daram. Sak irin wanda malaminmu ya ɗaga a aji! Nan take na haɗa lissafina: gidan tsoho ne, Daura tsohon gari ne, ga rijiya kusa, kuma duk inda ruwa yake nan mutanen farko ke zama. Shi ke nan, na gama bincike. Ga magina a tsaye kusa da ni, ga Gwaggo zaune tana gyaran shinkafa, amma ban tambayi kowa ba. Me suka sani? Na kaɗe ƙurar da buroshi a hankali (ba a wanke kayan tarihi da ruwa, wannan dai na riƙe daga karatu), na naɗe shi a hankici na sa a jakata tare da hoda da kwalli.

Bilki kaɗai na nuna wa. Tana kwance an ƙunsa mata lalle hannu da ƙafa, ta ɗago kai ta duba ta ce, "Farfesa, ai dutse ne."

Na ce, "Ke me kika sani ban da aure?"

Ta ce, "Na san dutse in na gan shi."

Kwana uku ina kwana ina tashi da dutsen nan a raina. Har na hango sunana a jarida, da hotona ina sanye da tabarau, duk da idona lafiya lau.

Da yake gidan malamai ne, ba a yi kiɗa ba, walima aka shirya. Ɗaliban Gwaggo suka ɗauko hayar lasifika, aka ɗaure ƙahonta ɗaya a reshen darbejiya ana fuskantar da shi titi, don mazan da ke zaune a tabarmi a ƙofar gida su ma su amfana da wa'azi. Cikinsu har da Baba da abokan fataucinsa. Dangi kuwa sun zo mota guda daga Baure, wasu kuma daga tsallaken iyakar Kongolam, 'yan uwan kakarmu da ke cikin Nijar. Tsakar gida ta cika, ba wurin sa ƙafa.

Aka yi karatu, aka yi nasiha ga amarya, wadda ke zaune a lulluɓe kusa da Gwaggo. Can sai mai gabatarwa, wata ɗalibar Gwaggo, ta ce, "Muna da 'yar gida da ke karatu a jami'a. Ta zo ta yi wa 'yan matanmu nasiha a kan neman ilimi, minti biyar."

Wallahi da na tsaya a minti biyar ɗin nan da yanzu ina da mutunci. Na fara da kyau. Na yi sallama, na yi salati, na ce 'yan mata su dage, tsofaffi na gyaɗa kai suna "Allah ya yi albarka." Wannan gyaɗa kan ne ya cuce ni. Na ji muryata na fita ta ƙahon nan tana dawo mini da girma, na ji kamar duk Daura ni take saurare. Sai na ce, "Amma ilimi na gaskiya shi ne mutum ya yarda ya sauke abin da ya gada in hujja ta zo masa."

Na buɗe jaka, na warware hankici, na ɗaga dutsen sama.

"Kun ga wannan? A gidan nan na tono shi, a bayan gidan nan da muke zaune."

Wata tsohuwa daga cikin mutanen Baure ta miƙo wuya ta ce, "'Yar nan, ko gatarin aradu ne?"

Na yi dariya. A lasifika na yi ta. Na ce, "Iya, wannan duk camfi ne. Wannan wuƙar mutanen zamanin dutse ce, da ita suke feɗe dabba. Shekara nawa aka ce mana daga Annabi Adamu zuwa yau? Dubu bakwai, ko? To a kimiyyance, wannan dutsen in ya yi ƙaranci ya kai shekara dubu hamsin."

(Kada ku tambaye ni inda na samo dubu hamsin. Daɗin faɗi na ji ta yi.)

Salati ya tashi daga kowane lungu. Wata ta jawo 'yarta kusa da ita kamar abin nawa ana ɗauka. Gwaggo kuwa ba ni take kallo ba, dutsen hannuna take kallo, ta saman tabarau, ta ƙanƙance ido. Ta ce, "Ke 'yar nan, miƙo mini in gani."

Na ce, "Gwaggo, ki bari in ƙarasa."

Tun da aka gina gidan ban jin an taɓa ce wa Gwaggo ta bari a ƙarasa. Sai wata daga baya ta ce, "To ke yaya aka yi kika san ba dutsen banza ba ne?"

Nan fa ido ya raina fata. Ga jama'a, ga lasifika a hannu, dole in yi wani abu mai kama da ilimi. Sai na tuna wata rana da aka kai mu filin tono, wani ɗan aji huɗu ya nuna mana cewa in ka rasa gane ƙashi ne ko dutse, ka ɗan taɓa shi da harshe, ƙashi yakan kama harshe. Wannan gwajin ba ya faɗin shekarun komai. Kuma ba wanda ya yi musun dutse ne. Amma shi kaɗai ne a kaina.

Na ce, "Muna da hanyar gwaji. Ku duba."

Na ga Gwaggo ta yunƙura za ta tashi, hannunta a miƙe, tana cewa, "Ke, kada ki..."

Ina! Na riga na kai baki. Kuma ba taɓawa na yi ba kamar yadda aka nuna mana. Lasa na yi, tun daga kai mai faɗi har siririn, ta wannan fuskar da ta cinye, a hankali, don na baya su gani. Na ji ɗanɗanon ƙasa. Bayansa na ji wani abu kamar sabulun salo, da ɗan ƙamshin man kaɗe. Na yi mamakin mutanen zamanin dutse da man kaɗe, amma na daure, na gyaɗa kai irin na masana, na ce, "Kun gani?"

Lokacin Gwaggo ta iso. Ta karɓi dutsen daga hannuna, ta juya shi gaba da baya, ta shafa da babban yatsa. Ba da ƙarfi ta yi magana ba, ita da ba ta ɗaga murya. Amma bakin lasifikar yana daidai haɓarta.

"Innalillahi. Ai dutsen goge kaushina ne. Tun faɗuwar katanga nake nemansa."

Amarya ce ta fara. Na ga lulluɓin Bilki yana rawa, sai wani sauti ya kuɓuce mata kamar an taka kaza, ta sulale ta kwanta a cinyar ƙawarta. Daga nan gidan ya ɓarke da dariya. Tsohuwar Baure ta riƙe ciki tana "Wayyo Allah, zan mutu." Mutanen tsallake na tambaya me aka ce, ana faɗa musu, su ma su kama. Can, bayan ta mata ta ɗan lafa, sai na jiyo ta maza ta taso daga ƙofar gida, mai kauri, kamar ruwa na zuwa.

Gwaggo ita ba ta yi dariya ba. Tsayawa ta yi tana duba kayanta, ta ce, "Gefen nan ni na farfasa shi da kaina don ya zauna mini a hannu. Shekararsa ashirin a wurina. In kuwa ya kai dubu hamsin, to lallai ƙafar nan tawa ta sha tafiya."

Ban san inda na ajiye lasifikar ba. Na dai tsinci kaina a ɗakin ajiya, bayan buhunan gero, da buta a hannu. Buta uku na ƙarar ina kurkure baki.

Ina nan maƙale har aka yi la'asar, baƙi suka fara watsewa. Sai na ji muryar Baba a bakin zaure, kuma shi ba dariya yake ba. Dutsen bai dame shi ba. Abin da ya ƙona masa rai shi ne ya zauna cikin abokansa ya ji muryar 'yarsa a lasifika tana ja da maganar Annabi Adamu, tana kuma katse yayarsa a gaban jama'a. Ya ce, "Yaya, abin da na guda ke nan. Karatun tone-tone ya ƙare daga yau. Ba za ta koma ba." Baba mutum ne da ba ya maimaita magana. Sai a lokacin na gane ashe ina son karatun nan, wanda ban ma nema ba.

Gwaggo ta ce, "Haruna, je ka sallami baƙinka. Gobe da hantsi ka dawo."

Washegari gidan ya yi fayau, an kai amarya, sai tulin kwanuka da tabarmi. Gwaggo ta aika aka kira ni. Na same ta a kan buzunta gindin darbejiya, da kwanon koko biyu. Ta tura mini ɗaya ta ce, "Sha. Bakin ai ya wanku."

Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce, "Na yafe. Amma ba rashin kunya na gani jiya ba. Na san rashin kunya, ina koyar da mata shekara talatin. Me ke damun ki?"

Sai kuka. Na gaya mata komai, kwalin nan, ƙoƙon kan nan, da sallar da na kasa ƙirgawa. Na ce, "Gwaggo, ina tsoron in na yarda da su na bar addinina, in kuma na ƙi yarda na yi wa idona ƙarya."

Ta juya cokali a kwanonta. Ta ce, "Wa ya ce miki dubu bakwai?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ke ce, Gwaggo."

Ta ce, "Haka ne, ni ce. A gindin bishiyar nan. Amma me na fara cewa? An ce na ce. A bakin mahaifinmu na ji, shi ma a littattafan labarai ya gani, irin waɗanda aka kwaso daga mutanen da suka gabace mu. Kin sauke Littafin Allah a gabana. A ina kika ga an ƙidaya miki shekarun?"

Na yi tunani, na yi tunani. Na ce ban gani ba.

"Ba za ki gani ba, don babu. Abin da aka wajabta mana shi ne mu yarda Allah ne ya halicci Annabi Adamu, shi ne ubanmu, kuma ba don wasa aka yi mu ba. Yaushe? Ba a gaya mana ba. Laifina ne da na miƙa wa yarinya an ce, ban gaya mata an ce ba ta da nauyin aya ba."

Na ce, "To ƙasusuwan nan fa? 'Ya'yan Annabi Adamu ne, ko wasu halittu ne kafin shi?"

Ta ce, "Ban sani ba."

Na ɗago na dube ta. Ban taɓa jin wannan kalma a bakinta ba.

Ta ce, "Me kike kallo? Ban sani ba. Wataƙila zamaninsa ya fi yadda muke zato nisa, wataƙila akwai abin da aka halitta kafin shi mai kama da mu. Malamai sun yi magana, ba su haɗu a kan ɗaya ba. Allah ne masani. Ni dai wannan bai taɓa rage mini raka'a ba." Ta kurɓi koko. "Yanzu ni ma in tambaye ki. Su malaman naku, haka suke yi? Su tsinci dutse a juji su lasa su ce dubu hamsin?"

Na ce a'a. Na ce sai sun duba zurfin da abu yake, da abin da ke samansa da ƙarƙashinsa, su rubuta, su kai a auna, wani ma ya sake aunawa. Kuma ko sun gama, kimanin kaza suke cewa. Ƙasar da aka riga aka kwashe aka tara kuwa ba ta da amfani a wurinsu.

Ta ce, "To kin gani. Jiya malamai biyu kika yi wa ƙarya a lasifika, nawa da naki."

Muna cikin haka Baba ya yi sallama. Ya zauna a bakin tabarma, bai ko dube ni ba. Gwaggo ta bar shi ya gama faɗin duk abin da ke ransa. Sannan ta ce, "Haruna, in an kawo maka sa a kasuwa, mai shi ya rantse maka shekararsa uku, me kake yi?"

Ya ce, "In buɗe bakinsa in duba haƙori."

"In ka ga na shekara shida ne, saɓo ka yi?"

Ya ce, "Yaya, ai wannan daban."

"Wanda ya sa alama a bakin sa, shi ya sa ta a cikin ƙasa. Wasu ya ba su sanin haƙori, wasu sanin ƙasa. 'Yarka ba ta iya ba ne tukuna, shi ya sa ta yi abin da ta yi. In ka cire ta yanzu, da rabin nan za ta zauna har abada, kuma rabin ne mai cutarwa. Ka bar ta ta je ta ƙarasa."

Baba ya riƙa murza hularsa a gwiwa. Gwaggo ta gyara tabarau ta ƙara da cewa, "Ban da haka ma, ɗalibaina sun kai ɗari, ba wadda ta taɓa lasar kaushina don neman ilimi sai ita. Irin wannan ba a hana ta karatu."

Na ga gemun Baba yana motsi. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari. Ya juya baya yana tari, tarin ya rikiɗe, har sai da ya share hawaye da hannun riga. Da ya tashi tafiya abin da ya ce kawai shi ne, "In kin koma, ki riƙa cin abinci kafin ki fita tone-tonen."

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne bayan mako guda, ranar da matan unguwa suka koma karatu a gidan. Ina ɗaki ina shirya kaya na ji Gwaggo ta dakatar da darasi ta ce wa ɗalibanta, "Akwai maganar da na daɗe ina faɗa muku a kan shekarun duniya. Daga yau wadda ta ɗauke ta a matsayin tabbas ta sauke. Labari ne na ji, ba ni da hujja a kai." Mace mai shekara sittin da wani abu, a gaban matan da ke durƙusa mata. Ni da aka kama dumu-dumu sai da na ɓuya bayan buhu, ita da ba wanda ya kama ta fito ta faɗa da bakinta.

Na koma na ƙarasa karatun, yanzu ma shi nake koyarwa. Gwaggo ta rasu shekara shida da suka wuce, Allah ya jiƙanta. An rushe ginin ƙasar an yi na bulo, kuma in na shiga sai in rasa inda komai yake. Labarin kuwa ya tsallaka Kongolam tun ranar ba tare da an duba masa takarda ba. Bara wata mata da ban taɓa gani ba ta riƙe hannuna a gidan suna, ta ce daga cikin Nijar take, ta tambaya ko ni ce. Ban ce wacece ba. Na ce ni ce.

Duk shekara sai an sami ɗalibi ya biyo ni ofis bayan darasin ƙoƙon kai, fuska a yamutse, yana zagaye-zagaye kafin ya yi tambayar. Nakan ba shi kujera in gaya masa abin da aka auna da yadda aka auna, in gaya masa abin da aka saukar, in nuna masa wurin da ni ma ban sani ba. Yawancinsu sukan fita da sauƙi a fuska.

Darasin da na samu dai bai da yawa. Ilimin shekara ɗaya bai kamata a ba shi lasifika ba. Kuma duk abin da ka tsinta a bayan gidan mutane, komai kamarsa da tarihi, ka fara tambayar tsohuwar gidan kafin ka kai shi baki.